Hoton gida iri uku: wanne za a biya?

Tambaya: Na sayi fili a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi. Mai zanen gini ya nuna mani aiki iri uku a kwamfutarsa: zanen layi baƙi da fari mai awo, hoton 3D marar ado, da wani mai ƙyalli kamar da kyamara aka ɗauka, shi ne mafi tsada. Uwargida ta ƙyalla ido a kan na ukun. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Na farkon ba a cinikinsa, dole ne. Shi magini zai riƙe a hannu, da shi za a lissafa bulo da siminti da ƙarfe, kuma shi ma'aikatar magajin gari za ta nema kafin ta ba da izinin gini.

Na biyun shi nake so ka ƙara wa kuɗi. Irin wanda ake yi da manhajar zanen gini ta SketchUp ko ArchiCAD ne, ana juya gidan ta kowace fuska. Ku zauna da Hajiya a gaban kwamfutar, a shiga ta zaure, a duba ko baƙon da ke falo zai hango tsakar gida, a ga nisan madafa da ɗakinta. Sannan ka ce a sa rana irin ta Maraɗi, ƙarfe uku na yamma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Manhajar tana iya wannan idan an ba ta wuri da sa'a. Nan take za ka ga bangon yamma da ke shan rana, da tagar da ke buƙatar rumfa. Ka tambayi fuskar gabas ma, don ta can hadari yake taso mana da damina.

Mai ƙyallin nan kuwa ina jin tsoronsa. Na taɓa ganin wani: gida da magariba, fitilu sun haske ko'ina, ciyawa shar, bangon gilashi tun daga ƙasa har sama. Ko ƙwayar ƙura babu. To, a garin da hunturu ke lulluɓe komai da ƙura, wa zai riƙa goge gilashin, kuma da wane ruwa za a shayar da ciyawar? Amfaninsa yana wajen mai gina shaguna ko gidajen haya da ke neman abokin zuba jari.

Idan ran Hajiya ya tsaya a kansa, a yi mata guda ɗaya na fuskar gida, da rana tsaka, da fenti da ƙofofin da ake samu a kasuwar Maraɗi, ƙasa ja kamar yadda take a filin, da bishiyar dogon yaro a bakin ƙofa. Kuma tun kafin ka ba da kafin alƙalami, ku rubuta sau nawa zai yi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba.