Amsa ga mai tambaya kan kai ƙaramar cincila wurin likitan dabbobi

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce cincilarki (ƙaramar dabbar nan dangin ɓera mai laushin gashi) wata biyar gare ta, tana ci tana tsalle, kina tambayar ko sai an riƙa kai ta wurin likita alhali lafiyarta ƙalau. Irin wannan lissafin na yi da tawa, kuma na yi da na sani.

Wanda ya sayar mini da ita cewa ya yi tunda ba a yi musu allurar rigakafi kamar kare da kyanwa, kuɗin likita asara ne. Gaskiya ne ba a yi musu, amma bai faɗa mini cewa haƙoransu 20 ba sa daina girma ba, har da turamen can ciki waɗanda ido ba ya kai musu. Bai kuma faɗa mini cewa cincila, da yake dabba ce da ake farautarta a duwatsun Andes na Kudancin Amurka, ta saba ɓoye ciwo ba.

Tana da wata 14 na tarar da haɓarta jiƙe sharkaf da yawu, tana ɗaukar ciyawa ta juya ta a baki ta yar. Likitan farko ya ɗaga leɓenta, ya ga haƙoran gaba ruwan lemo yadda ya kamata, ya karɓi kuɗinsa ya sallame ni, ko sikeli bai ɗora ta ba. Har yau abin yana ci mini rai. Mako uku ina tashi ƙarfe biyun dare ina ɗura mata abinci da sirinji, tana kawar da kai, ina jin ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Sai likita na biyu ne ya ɗauki hoton X-ray na ƙoƙon kanta, ya gano wani turmi ya yi tsini yana yankar harshe, aka sa ta barci aka goge shi.

Ki kai ta yanzu tun tana lafiya, daga nan sau ɗaya a shekara, amma wurin wanda ya saba duba zomaye da ire-irensu, kuma ki nemi ya leƙa turamen. Ki riƙa auna ta kowane mako da sikelin kicin kina rubutawa, domin gashinta yana rufe rama. Kada busasshiyar ciyawa ta yanke mata, kada kuma ki yarda a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoxicillin ta baki, yana lalata musu ciki. Ɗakin ma kada zafinsa ya wuce digiri 25 na ma'aunin Celsius.

Tawa yanzu shekararta 6, kuma har yau duk bayan 'yan watanni sai an sake goge mata wannan haƙorin.