Tambayi Baba Fasto: Na gaji da jin "yi haƙuri"

TAMBAYA: Baba Fasto, barka da aiki. Maigidana yana fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako muke zuwa wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano. Shagonmu na Kasuwar Sabon Gari ya tafi a jinya, yanzu ɗinki ne ke riƙe da mu. A majami'a kowa "yi haƙuri" yake ce mini, wata ma ta ja ni gefe wai mu bincika ko akwai zunubin da bai tuba ba. Da dare har faɗa nake yi da Allah. Bangaskiyata ta mutu ke nan?
Wata 'yar'uwa daga Badawa

AMSA: 'Yata, sannu da jinya, Ubangiji ya ba maigida sauƙi. Bangaskiyarki tana nan da ranta. Wanda ya yanke ƙauna ba ya hana idonsa barci don ya kai ƙara wurin Allah.

Muna yawan ambaton haƙurin Ayuba, amma da yawanmu a sura 2 ta littafinsa muke tsayawa. Shiga sura 3 ki ji. Mutumin da ya rasa 'ya'ya 10 a rana ɗaya ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi. Abokansa Elifaz, Bildad da Zofar sun zauna da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan ne kaɗai alherin da suka yi masa. Da suka fara magana, abin da matar nan ta gaya miki shi suka yi ta maimaitawa: lalle akwai laifin da ka ɓoye. A sura 42 abokan ne Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Kuma ki lura, har littafin ya ƙare Allah bai gaya masa dalilin wahalarsa ba. To, wace ce ita da za ta san na maigidanki? Almajiran Yesu ma sun yi irin tambayarta a kan makahon nan na Yohanna 9, Yesu ya ce ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

Ba zan yi miki alkawarin warkewa ba, ba a hannuna take ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi. A Getsamani sai da Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala kafin ya miƙa wuya ga nufin Uba. Ki yi naki roƙon, da hawaye in ya kama. Ranar da bakinki ya kasa, ki buɗe Zabura 88 a kan bencin jira na asibiti, ba ta rarrashin kowa.

Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi a yi muku addu'a, ko ku daina zuwa wanki don nuna bangaskiya, ki tashi daga wurinsa. Fashin wanki ɗaya ma yana iya tara ruwa a huhu.

Masu cewa "yi haƙuri" kuwa, galibinsu ba su san abin faɗa ba ne. Ki ba su aiki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki samu shugabar Zumuntar Mata ranar Lahadi ki faɗa mata dalla-dalla: wadda za ta riƙe yara ranakun asibiti, kuɗin adaidaita sahu, da matasa biyu da za su ba da jini in likita ya nema.