Shirin Ketare Iyaka Zuwa Kanada Domin Kamun Kifin Muski

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Minneapolis, kuma ni da abokan aikina muna son mu ja jirginmu na ruwa zuwa tafkin Lake of the Woods, ɓangaren lardin Ontario na Kanada, ranar da za a buɗe kamun kifin muski, wato wani babban kifi mai kaifin haƙora. Fasfona na Nijeriya ne. Wane shiri ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da takardu kafin ka sayi ko da ƙugiya ɗaya, domin halinka a bakin iyaka ba ɗaya ba ne da na abokanka masu fasfon Amurka. Idan kana da katin zama na dindindin a Amurka, ba ka bukatar bizar Kanada, amma ka riƙe katin tare da fasfon da wa'adinsa bai ƙare ba. Idan kuwa da bizar karatu ko ta aiki kake zaune, sai ka nemi bizar ziyara tun da wuri, ka kuma tabbata takardunka za su ba ka damar komowa. Ku tambayi juna gaskiya tun a gida, saboda wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan tuƙi cikin maye jami'an Kanada na iya mayar da shi daga gadar kan iyaka ta International Falls ko ta Baudette, tafiyar kowa ta lalace.

Kada ku rikita ranaku. Jiharku ta Minnesota tana buɗe kamun muski a Asabar ta farko ta watan Yuni, amma a wannan yanki na Ontario sai Asabar ta uku, kuma lasisin Minnesota ba ya aiki a ruwan Kanada. Kowannenku zai sayi katin Outdoors Card, wato katin shaidar masu kamun kifi da farauta na Ontario, mai wa'adin shekara 3, tare da lasisin kamun kifi na baƙi, kuma ana samun su ta intanet. Doka ta hana shigo da kifi mai rai ko matsattsaku don maƙala wa ƙugiya, kuma tun daga 2022 wajibi ne a cire matoshin jirgi, a tsiyaye ruwan cikinsa, a kakkaɓe ciyawar da ta maƙale kafin a ja shi a kan titi.

Abin da na fi so ka ba muhimmanci shi ne kayan sakin kifin. A wannan tafki sai muski ya haura inci 54, wato santimita 137, ake halatta riƙe shi, saboda haka kusan duk wanda kuka kama komawa ruwa zai yi, kuma hakkinsa yana wuyanku ya koma da ransa. Ku tanadi babbar koma mai zurfi wadda kifin zai zauna a cikinta yana cikin ruwa, da doguwar filaya, da almakashin yanke ƙarfe. Idan ƙugiya mai baki uku ta nutse kusa da ido ko maƙogwaro, a datse ta kawai, kada a tsaya kokawa da ita yayin da kifin yake galabaita. In za a ɗauki hoto, a tallafe cikinsa a kwance, a gama cikin ƴan daƙiƙoƙi.

Game da kayan fatsa, sanda mai tsawon ƙafa 8 zuwa 9 da zare saƙaƙƙe mai ƙarfin fam 80 sun isa, muddin an ɗaura waya ko kaurin zaren roba a gaba, tunda haƙoran muski suna yanke zare nan take. A farkon lokaci kifin bai daɗe da gama zuba ƙwai ba, yana kwance a lunguna marasa zurfi inda ruwa ya fara ɗumi kuma sabuwar ciyawa ta tsiro, don haka ƙananan kifayen roba da ƙugiyoyi masu gashi sun fi jan hankalinsa. Sau da yawa za ka hango shi kamar gungume yana bin abin da ka jefa har gindin jirgi bai cafka ba. Kada ka ɗaga, ka tsoma kan sandar cikin ruwa ka riƙa zana siffar lamba 8 da faɗi.

Tafkin yana da tsibirai fiye da 14,000 da duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa, saboda haka ku sauke taswirarsa a na'ura tun kuna gida, kowa kuma ya sa rigar hana nutsewa, domin ruwan Yuni a can yana da sanyi ƙwarai.