Ga 'yar'uwar da ke tunanin hawa dutsen Atwea

Salama a gare ki, ƙanwata. Kin ce kina fita aiki tun gari bai waye ba, ki dawo bayan magariba a gajiye. Daren Juma'a ki je kwanan addu'a zuciyarki ta cika, amma kafin Talata komai ya huce. Shi ne kike tambaya ko ki ɗauki hutu ki hau dutsen Atwea, inda Kiristoci ke zuwa addu'a a nan Ghana, ki yi azumi.

In kin samu hali ki je, mutanen Kumasi da yawa suna zuwa kuma suna samun albarka. Sai dai duk wanda ya hau zai sauko. A Markus sura 9 Bitrus ya so ya kafa bukkoki uku a kan dutse su yi zamansu, amma suka sauko, suka tarar da taro ana gardama, ga yaro mai aljani yana jira. Damuwarki ta ranar Talata ce, kuma ba a cin tuwon mako guda a dare ɗaya.

Ni shinkafa da wake nake sayarwa a kasuwar Kejetia a Kumasi, a unguwar Aboabo nake zaune, maƙwabtana kusan duk Musulmi ne. Abin da na daɗe ina lura da shi a wurinsu, ba sa jira sai zuciya ta so kafin su yi salla. Lokaci ya yi, an tashi, ko ana ciniki ko ana ruwa. Mu kuwa mun saba jiran sai jiki ya motsa. Alhali Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa, Yesu kuma yakan tashi da sauran duhu ya keɓe ya yi addu'a, ki duba Markus 1:35. Don haka kiran sallar asuba shi ne agogona. Kafin in ɗora ruwa a wuta na karanta abin da zan karanta. Da azahar, sa'ad da maƙwabcin rumfata ya bar mini jiran kayansa, nakan yi 'yar gajeriyar addu'a a zaune, ido buɗe saboda masu dogon hannu.

Kada ki fara da alkawarin sura biyar kullum. Ki ɗauki Markus, sura 16 ce kacal, rabin sura a rana, wata guda kin kusa gamawa. Karin Magana sura 31 ce, ta dace da kwanakin wata. Ranar da kika makara, ki sa abin sauraro a kunne cikin trotro, wato motar haya, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a manhajojin waya na YouVersion da Bible.is. Kuma ki karanta da harshen da kike faɗa da shi in ranki ya ɓaci. Tun 1932 ake da cikakken Littafin da Hausa, ba dole sai Turanci ba.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya. Kina auna kanki da kuka da tashin tsigar jiki a wurin sujada. Ki buɗe Galatiyawa 5:22-23 ki ga abin da aka lissafa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamun kai. Rabinsu ba a ganin su sai da wani mutum a gabanki, yawanci mai ba ki haushi. A kasuwa na san matan da ba sa fashin coci, amma gindin olonkarsu, wato gwangwanin awo, a lotse yake, mai saye ya biya cikakke ya tafi da ragi. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ga 'yan matan nan masu dako da suka zo daga arewa, kwano a ka, wata da goyo. Yadda kike biyansu, da muryar da kike kiransu da ita, yana cikin ibada. Haka bashin da kika ce za ki biya ƙarshen wata, haka amsar da kike ba yaron mota in ya riƙe miki canji. Ki duba waɗannan bayan wata shida, za su faɗa miki gaskiya fiye da abin da kika ji daren Juma'a.

Sai maganar yawo. Garin nan cike yake da masu sayar da man shafawa da ruwan albarka, wannan annabi yau, wancan gobe. Ki zauna a ikilisiya ɗaya inda za a lura in ba ki zo ba. Ki shiga zumuntar mata, ki samu dattijuwa guda wadda ba ta jin nauyin tambayarki ko kin yi karatu, ko kin shirya da wadda kuka yi faɗa.

Ba ki faɗi unguwarku ba, ko kina hutun Lahadi. Ki sanar da ni, in kusa muke sai mu riƙa haɗuwa da yamma mu fara Markus ɗin tare.