Karya Farashi Rabi: Darasin Mai Hotdog na Coney Island

Tambaya: Malam, na daɗe ina yi wa wani mai tsire aiki, yanzu na tara ɗan jari zan kafa tawa tukubar. An ba ni labarin wani a Amurka da ya bar maigidansa, ya riƙa sayar da abinci a rabin kuɗi har ya zama attajiri. In bi sawunsa?

Amsa: Allah ya sa wa jarin albarka, ɗan'uwa. Labarin gaskiya ne, amma ba a ƙarasa maka shi ba.

Sunan mutumin Nathan Handwerker, ɗan ci-rani daga Poland. Ya yi aiki a Feltman's, babban gidan abinci a Coney Island, bakin tekun da mutanen New York ke zuwa shaƙatawa. Can ake sayar da hotdog, wato niƙaƙƙen nama da ake sawa a tsakiyar burodi, a kan senti 10. A 1916 Nathan ya buɗe ɗan shagonsa da jarin kimanin dala 300, ya sa nasa senti 5. Feltman's ya rufe a 1954, shagon Nathan kuwa, wato Nathan's Famous, har yau yana nan a kwanar titin Surf da Stillwell, inda ake gasar cin hotdog duk ranar 4 ga Yuli.

To ga inda masu ba da labarin ke tsallakewa. Da farko arahar tsoro ta ba mutane, suka fara tambayar wane irin nama ne wannan. Ana ma ba da labarin cewa sai da ya sa wasu suka sanya fararen riguna irin na likitoci suna ci a gaban shagon, don masu wucewa su natsu. Kai ka fi ni sanin wannan: a harkar nama, in abu ya yi araha da yawa, zargi ke biyo baya. Sannan wajen 1920 jirgin ƙasan birni ya riƙa sauke jama'a a tashar Stillwell, dab da shagonsa, kuɗin jirgin ma senti 5. Talakawa suka yi ta kwarara, kuma mai senti 5 a aljihu wajen Nathan zai nufa. Ribar kowane ɗaya kaɗan ce, yawan ciniki ne ya riƙe shi. Ba don tashar nan ba, a ganina da lissafin ya sha bamban.

Wani zai kawo maka misalin Costco, babban kamfanin kantuna na Amurka, wanda tun 1985 yake sayar da hotdog da lemo a dala 1.50. Kada ya ruɗe ka. Kamfanin na karɓar kuɗin rajista daga masu sayayya duk shekara, kuma shi ke sarrafa hotdog ɗinsa da kansa. Kai kuwa da tsabar kuɗi za ka je wajen mahauci kowace safiya.

Don haka kada ka raba farashi biyu. Zauna da biro ka haɗa kuɗin nama, ƙuliƙuli, yaji, mai, itace, albasa, takardar naɗi da kuɗin wuri, ka raba da yawan tsinken da kilo ɗaya ke fitarwa. Ka sa har da wanda ke kwantai. In kana son jawo mai ƙaramin ƙarfi, yi ƙaramin tsinke da ƙaramin kuɗi, ribarka na ciki. Ka rataye naman inda kowa zai gan shi, ka yanka a gaban mai saye.

Wuri kuma, je ka tsaya bakin tasha ko mararraba daga la'asar zuwa bayan isha'i, ka ƙirga masu wucewa kafin ka biya ko sisi. Nathan a unguwar maigidansa ya kafa, amma ban ba ka wannan shawarar ba. Ka yi nesa da tukubarsa, ka nemi ya sallame ka da fatan alheri, domin watakila shi zai tsaya maka wajen mahauci ranar da za ka buƙaci nama bashi.