Tambayi Magina: Gindin Bango da Bakin Ƙofa

Tambaya: Assalamu alaikum. An gama shimfiɗa mini karo a ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, saura gindin bango. Ina so in yi da kaina. Katako zan sa ko karo, kuma nawa zan saya? Daga wani mai karatu a Yantala, Yamai.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sa karo. Katako a gindin bango abincin gara ne, kuma ruwan goge ɗaki na kowace safiya zai kumbura shi, balle ma allon nan na garin katako da aka matse, wanda ba ya ƙaunar danshi ko kaɗan.

Ga lissafin. Kewayen ɗakinka mita 16 ne. Cire faɗin ƙofa, santimita 90, saura mita 15 da ɗan kai. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda fashewa da kuskuren yanka, ya kama mita 17. Idan karonka mai santimita 40 ne, tsiri 43 kake buƙata, kowane faɗinsa santimita 8 zuwa 10. Ana iya fitar da tsiri huɗu daga karo guda, amma biyu na gefe kaɗai ke da baki mai santsi na masana'anta, kuma wannan bakin ne ya kamata ya kalli sama. Don haka a tanadi karo 22.

Kankare fentin wurin tukuna, domin simintin manna karo ba ya kama fenti, kwana kaɗan tsirin ya ɓalle. Ja layi da nibo, wato ma'aunin magina mai nuna ko layi ya karkace, kada ka bi daɓe, sau da yawa ba a miƙe yake ba. Kwaɓa kaɗan-kaɗan: a zafin Afrilu na Yamai siminti kan bushe a kan bango kafin minti 20. Bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tsiri da tsiri, a daidaita ta da layukan karon ƙasa. A cike tazarar bayan awa 24.

Tambaya: Kafinta ya sa mana katakon ado a kewayen ƙofofi da damina. Yanzu da hunturu kusurwoyin sama duk sun buɗe baki. Aikin ne bai yi ba? Daga wata Hajiya a Tawa.

Amsa: Hajiya, ba lallai hannunsa ne da laifi ba. Katako yana shan danshi a watan Agusta, iskar hunturu kuma ta tsotse shi, sai ya tsuke ta faɗinsa. Shi ya sa haɗin kusurwa ke buɗewa daga ciki. Idan tsagar ba ta wuce milimita 2 ba, a cike ta yanzu da garin katako da aka kwaɓa da farin gam, a goge da takarda mai yashi, a shafa fenti.

Wanda zai sa sabo, ya ajiye katakon cikin ɗakin mako guda aƙalla, a kwance. Na Kasuwar Katako wani lokaci da ɗanyensa ake sayar da shi, a ɗaga a ji nauyi. A shafa maganin gara da fenti har bayansa, ɓangaren da kowa ke mantawa. A ja layi milimita 5 daga bakin firam, a yanka kusurwa a digiri 45, a fara gwadawa da guntaye, don ba kowace ƙofa ce ke tsaye cak ba. Na sama ake fara kafawa, sannan na gefe biyu, da gam a haɗin da ƙananan ƙusoshi kowane santimita 40. Ƙasan katakon ya ɗan ɗaga daga daɓe saboda ruwa.

Malam na Yantala ma ya lura: katakon ƙofa ake fara sawa, karon gindin bango ya zo ya tokare shi.