Idan akwai aljanu a labarin, me ya rage wa mai bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Mabera cikin Sakkwato. Na fara rubuta labarin wani dogari mai shirme da ke binciken sata a wani gari inda mutane da aljanu da dabbobin tatsuniya ke cin kasuwa ɗaya. Ƙawayena sun karanta sun ce aikin banza nake yi: tunda akwai aljanu da bokaye, a je a tambaye su ɓarawon mana. Wata kuma ta ce ban dariyar ta kashe labarin. Shin bincike da tsafi da raha za su zauna wuri ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Za su zauna, amma ƙawayenki sun taɓo inda ciwon yake, kuma ba su ne farkon masu wannan ƙorafi ba. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma yake rubuta irin waɗannan labarai, ya jera wa marubuta dokoki goma, ta biyunsu kuwa ta hana shigo da sihiri cikin labarin bincike kwata-kwata. Dalilinsa a fili yake: mai karatu tsere yake yi da mai binciken, yana son ya riga shi gano mai laifi. Idan a shafin ƙarshe kika ce ai aljani ne ya ratso bango, kin cuce shi, don ba ki ba shi abin da zai yi lissafi da shi ba.

To ga mafita. Tsafin da ke cikin labarinki ki yi masa iyaka, ki kuma nuna wa mai karatu iyakar tun kafin a yi satar. Mu ɗauki layar zana, wadda aka ce mai ita yana ɓacewa daga idon mutane. Ke ce mai garin, ke za ki yanke hukunci: layar tana ɓoye jiki, amma ba ta ɓoye sawu, ba ta ɓoye wari, kuma da mai ita ya yi magana ta karye. Ki nuna wannan a babin farko cikin wasa, a ce wani yaro ya ari layar kakansa ya je satar fura, atishawa ta tona masa asiri. Mai karatu zai yi dariya ya wuce, bai san kin ɗana masa tarko ba. Can gaba sai a wayi gari jar akuyar hakimi ta ɓace daga gidan da aka kulle, maigadi na rantsuwa bai ga kowa ba, sai dai ya ce cikin dare ya ji warin jima da bagaruwa ya gifta. Duk wanda ya taɓa bi ta majema a Sakkwato ya san wannan wari ba ya ɓuya. Yanzu dogarinki ya sami abin bi, mai karatu ma haka.

Batun a tambayi aljanu kuwa, amsarsa na hannunki tun kina makarantar allo. Aljanu ba su san gaibu ba. Suratu Saba'i, aya ta 14, ta ba da labarin yadda Annabi Sulaiman, Alaihis Salam, ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Saboda haka aljanin labarinki shaida ne kamar kowa: abin da ya gani kawai ya sani, yana iya mantuwa, yana iya ƙarya, yana iya kare surukinsa. Boka kuma ki bar shi ya buga ƙasa ya nuna wanda ba shi ba, a biya shi zakara, a dawo inda aka tsaya. Mai karatunki na nan garin ba zai ji an taɓa masa aƙida ba, labarin kuma ya ƙaru.

Sai ban dariya, wadda a ganina nan ne yawancin masu farawa ke zamewa. Suna sa mai binciken ya riƙa zuba barkwanci a kowane layi. Ba haka ba. Dogarin ya ɗauki aikinsa da gaske, fuska a murtuke. Garin ne zai ba da dariyar. Ki kawo masa aljani mai shekara ɗari tara, wanda duk tambayar da aka yi masa sai ya faro amsa daga ruwan Ɗufana, dogari na zaune a rana yana jiran a iso daren jiya. Ki kawo Kura, wadda kowa ya riga ya yanke mata hukunci tun kafin a bincika, ita kuma tsoro ya sa ta amsa laifuka uku da ba a tambaye ta ba. Gizo da tsamin bakinsa ya zo ya tsaya mata a gaban alƙali, yana neman la'ada daga kowane ɓangare. Waɗannan duk mai karatu ya san halinsu tun yana yaro, ba sai kin ɓata shafi kina gabatar da su ba, kuma sanin da ya yi musu shi za ki yi amfani da shi ki karkatar da zarginsa.

Idan kina son a yi ta raha ba tare da binciken ya tsaya ba, haɗa dogarin da taubashinsa, ko ki aro irin wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe ko Bafulatani da Babarbare. Suna tafe suna tsokanar juna, cikin tsokanar ɗaya ya saki maganar da za ta warware komai.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: satar ta zama tana da nauyi a kan wani. A ce in ba a ga akuyar ba kafin ranar kasuwa, maigadin nan talaka za a kora daga gari da iyalinsa. In babu wannan, maganar ƙawarki ta tabbata, don babu wanda zai damu da wa ya yi.

Kafin ki ci gaba, rubuta babin ƙarshe tukuna, ki san ɓarawon da yadda ya shiga da abin da ya bari a baya. Daga nan ki koma farko ki watsa alamu uku ko huɗu, kowace ki lulluɓe ta da abin dariya. Sai ki ba wata ƙawar da ba ta taɓa karantawa ba, ki tsayar da ita kafin babin ƙarshe ki ce ta faɗi wanda take zargi da dalilinta.